Ciwon da Ke Ɓuya Idan Inji Ya Tsaya

A mafi yawan ranakun shekara, wutar da dukkan tashoshin Najeriya ke zubawa cikin babban layin ƙasa tana kai-komo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Tashar Egbin da ke kusa da Ikorodu a jihar Legas tana da janareta shida, kowanne mai ƙarfin megawat 220. Shiroro, a kan kogin Kaduna, tana da huɗu masu megawat 150 kowanne. Ke nan idan guda ɗaya daga cikin manyan injinan nan ya kwanta, ƙasar ta rasa kashi uku zuwa biyar cikin ɗari na wutarta a lokaci guda. Kwanciyar kwana biyu ana iya haƙuri da ita. Ta wata shida kuwa, mai injin niƙa a Dawanau da mai sayar da ƙanƙara a Sakkwato da ɗakin tiyata a Gombe duk sai sun ji a jikinsu, ko da yake babu wanda zai gaya musu sunan abin da ya lalace.

Daga cikin abubuwan da kan kwantar da inji na tsawon watanni akwai lalacewar naɗin wayar da ke jikin rota, wato ɓangaren janareta mai juyawa. Ciwo ne mai halin kansa. Yana farawa ƙarami, inji ya ci gaba da aiki da shi kamar lafiya lau, kuma sau da yawa idan aka tsayar da injin don a duba, sai a neme shi a rasa. Fiye da shekara hamsin ke nan injiniyoyi suna ƙirƙiro dabarun kama shi yayin da injin ke gudu, kuma dabarun sun kai ga gaci. Abin da ya rage mai wuya shi ne yadda za a yi da labarin idan an same shi.

Abin da ke juyawa a ciki

Ƙa'idar da kowane janareta ke aiki da ita ita ce wadda Michael Faraday ya gano a 1831: idan ƙarfin maganaɗisu ya gitta waya yana sauyawa, lantarki zai taso a cikin wayar. A babban janareta, wayoyin da ke karɓar lantarkin suna kafe ne a jikin ɓangaren da ba ya motsi, maganaɗisun kuma shi ne ke juyawa a tsakiya. Sai dai babu dutsen maganaɗisun da zai iya ɗaukar wannan aiki, don haka ake yin na wucin gadi. Ana naɗa sandunan tagulla a jikin ƙarfen rota, a tura musu wuta mai tafiya hanya ɗaya, wadda a manyan injina takan kai dubban amfiya. Ƙarfin maganaɗisun da za a samu ya dogara da abu biyu: yawan wutar da ke bi, da yawan zagayen da wayar ta yi.

Rota iri biyu ne. Lantarkin Najeriya da Nijar yana sauya alkibla ya dawo sau 50 a daƙiƙa, don haka rota mai kawunan maganaɗisu biyu, arewa da kudu, dole ya yi juyi 3,000 a minti. Irinsa ake samu a tashoshin tururi da na gas: dogon gungumen ƙarfe guda, an tsaga masa ramuka a tsawonsa an jera tagulla a ciki, an danne da sandunan ƙarfe, sannan a bakinsa biyu an sa manyan zobba masu riƙe lanƙwasar wayar. Injin ruwa irin na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru a hankali yake juyawa, saboda haka sai a yawaita masa kawuna. Wanda ke juyi 150 a minti yana buƙatar kawuna 40, kowanne da nasa koyil, an jera su a gefen wata ƙatuwar ƙafa mai faɗin mitoci da dama.

Kowane zagayen tagulla an raba shi da na kusa da shi da wani siririn shamaki, galibi na zaren gilashi da aka jiƙa da ƙaro na musamman, wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Akwai kuma wani shamakin mai ɗan kauri da ke raba naɗin gaba ɗaya da ƙarfen rota. Lafiyar injin da aka saya da miliyoyin daloli tana rataye ne a kan waɗannan siraran abubuwa.

Halin da suke ciki kuwa ba na sauƙi ba ne. A rota mai kaurin mita ɗaya da ke juyi 3,000 a minti, gefensa yana gudun da ya haura kilomita 560 a awa, kuma ƙarfin da ke neman wurgar da tagulla waje ya kai kusan ninki 5,000 na nauyinta. Tagullar da ke da nauyin kilo ɗaya a kan sikeli tana danna abin da ke samanta da nauyin kusan tan biyar. Ga kuma zafi. Sandar tagulla mai tsawon mita shida, idan zafinta ya ƙaru da digiri 80, tana ƙara tsawo da kusan milimita takwas, alhali ƙarfen da ke kewaye da ita bai yi zafi haka ba kuma ba ya miƙewa kamarta. Duk lokacin da aka tada inji tagulla ta miƙe tana goga shamaki, duk lokacin da aka kashe ta koma tana sake gogarsa.

Yadda ciwon ke farawa

Lalacewar da aka fi gani ita ce haɗewar zagaye biyu maƙwabta. Shamakin da ke tsakaninsu ya goge, ko ya zame daga wurinsa, ko wani ɗan tarkace mai ɗaukar wuta ya gitta ya haɗa su. Daga nan wuta ta samu gajeriyar hanya, ta tsallake zagaye guda, wannan zagayen ya daina bayar da gudummawarsa ga maganaɗisu.

Sanadin yana da yawa. Akwai tsufa da yawan kashewa da kunnawa. Akwai mai da ke tsiyayowa daga boris ya haɗu da ƙurar kabon da burushi ke zubarwa, su zama wani baƙin danƙo mai ɗaukar wuta. Injinan ruwa, da iska ke sanyaya su, sun fi fama da wannan. Akwai toshewar ƙofofin iska da ke sa wani sashe ya ƙuna fiye da saura. Har hutu ma yana da nasa lahani. Idan aka kashe babban injin tururi, ba a barin rotansa tsaye da zafi don kada ya lanƙwashe, sai a riƙa juya shi a hankali da wani ƙaramin moto. A wannan jinkirin juyi babu ƙarfin da ke danne tagulla, don haka a wasu ƙirar sanduna kan riƙa faɗawa kan juna a kowane zagaye, suna gogayya suna fitar da garin tagulla. Garin nan shi ne daga baya kan haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba.

A ɗauki misalin rota mai zagaye 140 gaba ɗaya, koyil bakwai a kowane kai, zagaye goma a kowane koyil. Idan zagaye ɗaya ya haɗe, ƙarfin maganaɗisu ya ragu da ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Na'urar da ke daidaita ƙarfin wutar janareta za ta lura da gibin nan take ta ƙara wutar da take turawa rota, gibin ya cike, mai lura da allo a ɗakin sarrafawa bai ga komai ba. Idan zagaye goma suka haɗe, wutar da ake buƙata ta ƙaru da kusan kashi takwas cikin ɗari. Tun da zafin waya yana ƙaruwa ne da ninkin wutar a kanta, kowane zagayen da ya rage zai riƙa fitar da zafi da ƙarin kusan kashi 16 cikin ɗari. Injiniyoyi suna da wata ƙa'ida ta ƙiyasi cewa duk ƙarin digiri goma na zafi yana raba rayuwar shamaki biyu. Ta haka haɗewar farko ke share wa ta biyu hanya.

Sai maganar jijjiga. Zagayen da wuta ta tsallake ba ya zafi kamar takwaransa na ɗaya gefen, sai gefe guda na rota ya fi ɗaya zafi ya kuma fi shi miƙewa. Bambancin digiri kaɗan ya isa ya lanƙwasa gungumen ƙarfe mai tsawon mitoci da abin da ido ba zai gani ba, amma a juyi 3,000 a minti boris zai ji shi sarai. A rota mai kai biyu, haɗewar da ta faru a koyil mafi kusa da tsakiyar kan maganaɗisu ta fi kawo wannan lanƙwasa. Idan kuma ƙaddara ta sa haɗewar ta faru daidai wa daida a kawunan biyu, jijjiga ba za ta tashi ba sam, ko da yake naɗin yana ci gaba da cinyewa. A injin ruwa lamarin ya ɗan bambanta: kan da ya raunana ba ya jan ƙarfen da ke kewaye da shi da ƙarfin da saura ke ja, sai ƙafar ta riƙa karkata gefe guda tana juyawa.

Gwaji a tsaye da iyakarsa

Tsoffin hanyoyin bincike duk suna buƙatar a kashe inji. Mafi sauƙi ita ce auna shamakin da ke tsakanin naɗi da ƙarfe da na'urar da masu aikin lantarki ke kira mega, galibi a kan bolt 500. Wannan yana nuna danshi da datti da tsagewa zuwa ƙarfe, amma ba ya cewa komai game da haɗewar zagaye da zagaye.

Ga injin ruwa akwai gwajin kai-da-kai. Ana tura wuta mai sauyawa cikin naɗin gaba ɗaya, a auna rabon da kowane kai ya ɗauka. Kawuna masu lafiya rabonsu kusan ɗaya ne. Kan da ke da haɗaɗɗen zagaye rabonsa kan faɗi ƙasa sosai, domin zagayen da ya rufe kansa yana yin aiki kamar naɗi na biyu na tiransifoma da aka haɗe bakinsa. Shi ya sa ake zaɓar wuta mai sauyawa: da wuta mai tafiya hanya ɗaya aka yi gwajin, ɓacewar zagaye guda cikin gommai da ƙyar za a lura da ita. Bambancin da ya kai kashi goma cikin ɗari daga matsakaicin saura akan ɗauke shi abin bincike.

Ga injin tururi, injiniyoyin tsohuwar hukumar lantarki ta Birtaniya, CEGB, sun bunƙasa gwajin da ake kira RSO. Ana aika ɗan gajeren bugun lantarki iri ɗaya daga bakin naɗi biyu, a dubi amsa-kuwwar da ke dawowa a kan allo. Naɗin rota an yi shi ne rabi da rabi masu kama da juna, don haka idan yana da lafiya zanen da ya dawo daga baki ɗaya zai hau kan na ɗaya bakin daidai. Inda zanukan suka rabu, nan ne ake zargi, kuma lokacin da rabuwar ta bayyana yana nuna nisan wurin daga bakin waya.

Waɗannan gwaje-gwaje suna da amfani kuma har yau ana yin su. Rauninsu ɗaya ne, babba. Haɗewa da yawa ba sa samuwa sai tagulla ta yi zafi ta miƙe kuma ƙarfin juyi ya matse ta. Da zarar inji ya tsaya ya huce, zagayen biyu su ɗan saki juna, gwaji ya nuna lafiya. Akasin haka ma yana faruwa, a ga haɗewa a tsaye ta ɓace a gudu. Duk wanda ya taɓa kai mota wurin makanike saboda wata ƙara, motar ta yi tsit a garejin, ta sake farawa a hanyar komawa gida, ya san irin wannan takaici. Bambancin kawai shi ne fitar da rota daga cikin babban janareta aikin makonni ne, da kurayen ɗaga kaya da ƙwararru, kuma a duk tsawon lokacin injin ba ya samar da komai.

Sauraro yayin gudu

A 1971 wani injiniyan kamfanin General Electric a Amurka, D. R. Albright, ya wallafa bayanin dabarar da ta zama ginshiƙin wannan fanni. Ana kafa wani ɗan ƙaramin koyil a jikin ɓangaren da ba ya motsi, yana leƙe cikin ratar da ke tsakaninsa da rota. Kowane ramin rota yana da ɗan maganaɗisun da ke yoyo a bakinsa, gwargwadon yawan zagayen da ke ɗauke da wuta a cikinsa. Duk ramin da ya wuce ta gaban ɗan koyil ɗin sai ya bar tudu guda a kan zanen da ke fitowa a allo. Juyi ɗaya na rota yana ba da jerin tuddai, kowanne na ramin da aka sani.

Hikimar tana cikin kwatantawa. Koyil na uku a kan arewa tagwayen koyil na uku ne a kan kudu, don haka tudunsu ya kamata ya zo daidai. Idan rami mai zagaye goma ya rasa ɗaya, tudunsa zai gaza na tagwayensa da kusan kashi goma cikin ɗari. Ragin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a ma'aunin naɗin gaba ɗaya ya zama abin da ido ke gani a ma'aunin rami guda. Ana sanin kan da abin ya shafa, da koyil ɗin, da ƙiyasin yawan zagayen, duk ba tare da an rage wa injin gudu ba.

Akwai sharaɗi guda da mai karanta zanen ya kamata ya kiyaye. Babban maganaɗisun injin yana cika haƙoran ƙarfen rota har ya dusashe ɗan yoyon da ake son aunawa. Awon ya fi inganci a ramin da babban maganaɗisun ya sauka zuwa sifiri a daidai kansa, kuma wannan wuri yana matsawa daga rami zuwa rami gwargwadon nauyin da injin ke ɗauke da shi. Saboda haka cikakken bincike yana buƙatar a ɗauki awo a matakai dabam-dabam, daga babu nauyi har zuwa cikakken nauyi. Na'urorin zamani suna zaune a jikin injin dindindin suna ɗaukar awo da kansu duk lokacin da nauyi ya sauya. An kuma faɗaɗa dabarar zuwa injinan ruwa, inda ake kwatanta ƙarfin kowane kai da na maƙwabtansa da kuma tarihinsa.

Ko tashar da ba ta da wannan na'ura tana da shaidu biyu a hannunta. Na farko shi ne wutar da rota ke ci. Idan a bara injin yana bayar da wani adadin wuta da wani adadin amfiya a rota, bana kuma a yanayi iri ɗaya yana neman fiye da haka, ruwa ba ya tsami banza. Na biyu shi ne alaƙar jijjiga da wutar rota. Ana riƙe megawat a wuri ɗaya, a ƙara wutar rota, a jira. Jijjigar da ta tashi nan take tana nuni ga rashin daidaiton maganaɗisu. Wadda ta tashi a hankali cikin mintuna masu yawa tana nuni ga lanƙwasar zafi. Sai dai toshewar ƙofar iska da maƙalewar tagulla a cikin rami su ma suna kawo lanƙwasar zafi, don haka jijjiga kaɗai ba ta isa hujjar buɗe inji ba. Sai shaidu sun yi ittifaƙi ake yanke hukunci.

Taɓa ƙarfe

Haɗewar zagaye da zagaye tana ba da lokaci. Lalacewa ta biyu, wato naɗi ya taɓa ƙarfen rota, tana ba da lokacin ma, amma wanda babu mai sanin tsawonsa. Ba a haɗa naɗin rota da ƙasa, don haka taɓawa a wuri ɗaya ba ta rufe wata hanya: babu wutar da za ta bi, babu ƙuna, injin na aiki kamar jiya. Idan aka samu taɓawa ta biyu a wani wurin, hanya ta buɗe ta cikin ƙarfen kansa. Wuta mai yawa ta bi ta nan, ta tsallake babban sashe na naɗin, ta narkar da ƙarfe ko ta ƙona zoben riƙo, maganaɗisu ya karkace, jijjiga ta tashi da ƙarfin da zai iya lalata boris cikin ɗan lokaci. Gungumen rota da ya ƙone sosai ba lallai ya gyaru ba, kuma sabo ba abu ne da ake samu a ajiye a kanti ba; ƙera shi ake yi bisa oda.

Gano taɓawar farko ba shi da wuya. Wata na'urar kariya tana sa ɗan ƙaramin ƙarfin lantarki tsakanin naɗi da ƙasa, tana lura ko wani abu zai bi. A tashoshi da yawa an saita ta ne ta yi ƙararrawa kawai, a bar wa mutum ya yanke shawarar kashewa. A nan ne ilimin injiniya ke miƙa al'amarin ga halin ɗan Adam. Ƙararrawa ta yi kuka, injin kuma yana bayar da cikakkiyar wutarsa, jijjiga ba ta motsa ba, masu rarraba wuta suna roƙon kowane megawat, kamfani yana lissafin abin da zai rasa a kowace awa. Duk abin da ke gaban ido yana cewa a ci gaba. Abin da ke cewa a tsaya kuwa hasashe ne kawai na abin da bai faru ba tukuna.

Labari da hukunci

A ranar 17 ga Agusta 2009, inji na biyu a tashar ruwa ta Sayano-Shushenskaya da ke kan kogin Yenisei a Rasha ya tsinke daga mazauninsa, ruwa ya cika zauren injina, mutum 75 suka rasu. Musabbabin ba naɗin rota ba ne. Kusoshin murfin farfelar ne suka gaji suka karye. Amma binciken hukuma ya nuna cewa jijjigar wannan inji ta daɗe tana wuce iyakar da aka yarda da ita, kuma ana auna ta. Na'ura ta yi aikinta. Awon da babu mai ikon tsayar da inji saboda shi bai hana komai ba.

Wannan ba yana nufin kowace alama a kashe inji ba. Janareta da yawa a duniya suna aiki shekaru da zagaye ɗaya ko biyu a haɗe. Amfanin sa ido shi ne yana mayar da abin da zai zo kwatsam ya zama abin da aka shirya wa. Idan an san koyil kaza ne, zagaye ɗaya ne, kuma wata shida bai ƙaru ba, ana iya rage wutar da ake tura wa rota, a taƙaita kashewa da kunnawa, a yi odar kayan gyara, a nemi ƙwararrun da za su zafafa zoben riƙo su cire shi, a haɗa aikin da babban gyaran da aka riga aka tsara. Idan kuwa ɗaya ya zama uku cikin wata biyu, lissafin ya sauya. Tashar ruwa ma tana da kalandar da kogi ya rubuta mata. Tafkin Shiroro yana ja baya a ƙarshen rani. Kainji yana samun cika biyu, farin ruwan damina da kuma baƙin ruwan da ke tasowa daga tsaunukan Gini ya yi jinkiri a fadamun Mali kafin ya iso cikin hunturu. Gyaran da aka yi a lokacin da ruwa bai isa juya dukkan injina ba kusan kyauta ne, idan aka kwatanta da wanda ya zo dole tafki na cike ana zubar da ruwa ta ƙofofi.

Yanayin Najeriya yana ƙara wa batun nauyi. Babban layin ƙasa yana faɗuwa sau da dama a shekara, iskar gas tana yankewa, kuma kowane irin wannan lamari yana nufin injina sun fita daga layi ba shiri, sun huce, an sake tada su. Injin da aka ƙera don ya yi watanni yana gudu ba tsayawa yana tara zagayen miƙewa da komawa fiye da yadda maƙerinsa ya ƙiyasta. Ga kuma shekaru: an kammala Kainji a 1968, Jebba da Egbin na tsakiyar shekarun 1980 ne, Shiroro na 1990.

Akwai kuma abin da ba a saye da kuɗi. Kusan duk dabarun da aka ambata kwatance ne, ko dai da tagwaye ko da jiya. Ƙarin amfiya ba ya nufin komai ga wanda bai san adadin bara ba. Zanen RSO na yau ya fi faɗin gaskiya idan akwai wanda aka ɗauka lokacin da naɗin yake sabo. Injinan Kainji na farko sun fara aiki a ƙarƙashin hukumar madatsun kogin Neja, suka koma NEPA a 1972, suka koma PHCN a 2005, sannan aka miƙa tashar ga kamfani mai zaman kansa a 2013. Kowace miƙa mulki irin wannan, a kowace ƙasa, wuri ne da fayil kan iya ɓata kuma tsohon ma'aikacin da ya san halin kowane inji kan yi ritaya da abin da ya sani. Tashar da ta sayi na'urar zamani a yau ba za ta ci cikakkiyar moriyarta ba sai ta tara awon shekaru, ta adana shi inda magaji zai same shi.

Don haka tambayoyin da ya dace mai zuba jari ko mai sa ido a hukuma ko ɗan jarida ya yi wa tashar lantarki sun wuce ko tana da na'urar awo. Wa ke karanta awon, kuma sau nawa? Ina aka ajiye na shekara biyar da suka wuce? An rubuta tun kafin matsala ta zo adadin da idan aka kai shi za a rage nauyi, da wanda idan aka kai shi za a kashe? Injiniyan da ke bakin aiki da ƙarfe biyun dare yana da ikon kashewa ba tare da neman izini ba, kuma idan ya kashe aka buɗe ba a ga komai ba, me zai same shi? Tambaya ta ƙarshe ta fi sauran muhimmanci a wannan fanni, domin ciwon rota yana iya ɓuya da zarar inji ya tsaya. Injiniyan da aka taɓa tuhuma saboda ya tsayar da injin da gwajin tsaye ya wanke, zai yi wuya ya sake tsayar da wani, ko da zanen da ke gabansa yana nuna masa tudu guda ya gaza na tagwayensa.